Dogo Har Ƙofar Sito: Wa Ke Da Ikon Ba Da Izini?

Ɗalibin da ya tashi a Rano ko Kibiya yana iya kammala makarantar sakandare bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga gidansu ba. Dalili kuwa shi ne, lokacin da aka shimfiɗo dogo daga Zariya zuwa Kano, ta yamma aka bi da shi, ta Dangora da Madobi da Challawa, aka bar tsohuwar ƙasar Rano da duwatsunta a gefe. Tun daga wancan zamani, duk buhun gyaɗa ko na dawa da aka noma a wannan yanki sai ya hau jaki, daga baya kuma mota, kafin ya ga tasha.

Yanzu maganar dogo ta sake tasowa a Jihar Kano. A shekarar 2021 an aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Kaduna, da wani daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A watan Janairu na 2023 kuma aka buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso. To, a ƙaddara wasu 'yan kasuwa sun haɗa jari sun gina injin casar shinkafa ko babban sito a wani gari na kudancin Kano, suna kuma son taragon jirgi ya riƙa zuwa har ƙofarsu, amma tsakaninsu da babban layi akwai titin gari, wanda yara ke bi zuwa makaranta, masu kura ke bi zuwa kasuwa. Wa zai ba su izinin shimfiɗa ƙarfe a kan wannan titi? Da wane sharaɗi? Idan an taka wani, wa za a kama? Waɗannan tambayoyi ne da kimiyya da tarihi da doka suka haɗu a cikinsu, kuma su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mene Ne Reshen Dogo?

Babban layi shi ne wanda ya haɗa gari da gari, jirage na gudu a kansa. Reshe kuwa ɗan gajeren layi ne da ake cirowa daga jikin babban, ya shiga farfajiyar masana'anta ko sito ko ma'adanar mai, ya ƙare a can. Kan jirgi yakan turo taragu ya ajiye su a reshen, ya tafi harkarsa. Lebura su yi lodi ko su sauke a tsanake, sa'an nan ya dawo ya kwashe. Ta haka babban layi ba ya toshewa, mai kaya kuma ya huta da ɗauka biyu, wato daga sito zuwa mota, daga mota zuwa tarago. Duk wanda ya taɓa sayar da hatsi ya san kowace ɗauka tana da kuɗin dako, tana da fashewar buhu, tana da ɓata lokaci.

Reshe iri biyu ne. Akwai na hukuma, wanda ke cikin harabar tasha, kowa na iya kai kayansa. Akwai kuma na mai zaman kansa, wanda kamfani ya biya aka gina domin amfaninsa. Masana'antar siminti ta Ewekoro a Jihar Ogun da matatar mai ta Kaduna suna cikin wuraren da aka haɗa da dogo ta wannan hanya. Muddin reshe yana cikin filin mai shi, magana ba ta da yawa. Rigima tana farawa ne daga inda ya leƙo waje ya taka hanyar jama'a.

Yadda Abin Ya Faro a Kano

An fara aikin dogo daga Baro, a bakin Kogin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne. Ƙarfe ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe layin ga 'yan kasuwa a 1912. A wannan shekarar ce aka haɗe shi da layin Ikko suka zama abu guda. Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila, sai manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinye ta. Gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Tashar Kano ta cika maƙil da buhuna, taragu suka kasa.

A nan ne darajar zama kusa da dogo ta bayyana. An gina tasha a wajen ganuwa, ta gabas da birni, aka yanka wa kamfanonin Turawa filaye a kusa da ita, irin su Kamfanin Neja da John Holt da na Faransawa. Ba sayen filayen suka yi ba, domin dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, abin da kamfani ke samu kawai shi ne takardar izinin zama na wasu shekaru, bisa sharuɗɗa da kuɗin haya. Wanda sitonsa ke jingine da dogo ya riga abokan gasarsa. Fatake irin su Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji, maƙwabciyar Rano, su ne suka riƙa tattaro gyaɗa daga ƙauyuka suna kawowa. Da dogo ya miƙa zuwa Nguru a 1930, sai gefen da ya bi ya zama mazaunin masana'antu, wato Bompai, kamar yadda Sharaɗa da Challawa suka taso daga baya a gefen layin da ya nufi kudu.

Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita ma, in aka duba da idon basira, alama ce ta ƙarancin taragu. Gyaɗa ce take jiran jirgi, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa aka koyi tsara buhuna sama da sama, har dala guda ta ɗauki buhu kusan 15,000. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, tireloli suka ƙwace kaya daga hannun jirgi, rassa da yawa suka mutu, ciyawa da rumfuna suka rufe su.

Ƙarfe Bisa Ƙarfe

Me ya sa har yanzu mai masana'anta ke kwaɗayin dogo? Amsar tana cikin darasin kimiyyar lissafin motsi. Tayar mota roba ce, tana lotsawa a duk juyin da ta yi, wannan lotsawa kuma tana cin ƙarfin inji, tana mai da shi zafi. Ƙafar tarago kuwa ƙarfe ce a kan ƙarfe, lotsawarta kaɗan ce ƙwarai, inda suke taɓa juna bai fi faɗin kwabo ba. Saboda haka, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilo 2 ya isa ya ci gaba da jan tan guda a kan dogo, alhali a kan kwalta sai an nemi na kilo 6 zuwa 10. Tarago 20, kowane ɗauke da tan 30, sun kwashe tan 600 ke nan, wato buhu 6,000 mai kilo 100, aikin tirela 20, da kan jirgi guda.

Amma abin da ya ba jirgi wannan falala shi ne kuma ya sa ya zama haɗari a cikin gari. Santsin da ya sauƙaƙa ja, shi ne ke wahalar da tsayawa, domin birki ba ya aiki sai da gogayya tsakanin ƙafa da abin da take takawa. Ga lissafin da kowane ɗalibi zai iya gwadawa. Tazarar da abin hawa ke ci kafin ya tsaya ita ce gudunsa a ninka da kansa, a raba da ninki biyu na yawan gudun da birki ke ragewa a kowace daƙiƙa. Gudun kilomita 60 a awa daidai yake da mita 16.7 a daƙiƙa, in an ninka shi da kansa ya ba da kimanin 279. Mu ɗauka birkin mota yana rage mita 6 a kowace daƙiƙa: 279 a raba da 12, mota ta tsaya cikin mita 23. Mu ɗauka na jirgin kaya yana rage 0.3 kacal: 279 a raba da 0.6, sai ya ci kimanin mita 465, kusan rabin kilomita. Ko da direban jirgi ya hango yaro a kan dogo, ba shi da sitiyarin kaucewa, ba shi kuma da halin tsayawa nan take.

Yanzu a rage gudun jirgin zuwa kilomita 10 a awa, wato mita 2.8 a daƙiƙa. Lissafi ya ba da mita 13. An rage gudu sau shida, tazara ta ragu sau talatin da shida. Wannan ne ya sa duk inda aka yarda tarago ya bi titi, sharaɗin farko shi ne ya yi tafiyar da ba ta fi sassarfar mutum ba.

Dogo a Tsakiyar Titi

Gudu ba shi kaɗai ne abin lura ba. Kowace ƙafar tarago tana da leɓe ta ciki, wanda ke hana ta zamewa daga kan ƙarfe. A daji, dogo yana zaune a kan matasai na katako ko ƙarfe ko kankare, bisa tsakuwa, leɓen yana da sarari. A titi kuwa dole a binne dogon ya yi daidai da kwalta don motoci su wuce, sa'an nan a bar wa leɓen siririn rami a gefe. Wani Bafaranshe, Alphonse Loubat, shi ya fito da dogo mai irin wannan rami a 1852. Ramin nan yana kama tayar keke da ta babur, yana iya kama kofaton jaki, in kuma yashi da shara suka cike shi, sai leɓen ya hau sama tarago ya sauka daga layi. A ƙasarmu ta ƙurar hunturu da yashin damina, share ramin aiki ne na kullum, kuma tilas takardar izini ta faɗi wanda zai yi shi.

Na biyu, kwana. Tarago dogon akwati ne da ba ya lanƙwasa. In ya shiga kwana, tsakiyarsa tana shigowa ta ciki, goshinsa da ƙeyarsa suna fita ta waje. Mai tebur da ya auna cewa ya ba dogo isasshen wuri a miƙaƙƙen layi, a kwana sai tarago ya share shi. Saboda haka injiniyoyi ke ƙayyade faɗin sararin da ba a yarda a kafa komai a cikinsa ba, su kuma ƙara shi a wurin kwana.

Na uku, ruwa. Gadon dogo tudu ne, tudu kuwa madatsa ce. In ba a sa kwalbatoci daidai da ruwan da ke bi ta wurin ba, unguwar da ke sama za ta kwana cikin ruwa a watan Agusta. A ƙasa mai duwatsu kamar Rano, inda ruwan sama ke gangarowa da ƙarfi daga kan fa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na huɗu, taragon da ya tsinke. Tun da jan tarago ba shi da wuya, ɗan gangare kaɗan ya isa ya sa wanda aka ajiye ba birki ya fara tafiya shi kaɗai, shiru, ba inji ba ƙaho. Maganin wannan shi ne a sa wa reshe tarko kafin ya fita farfajiya, wato wata makarkata da ke kautar da taragon da ya gudo ta kayar da shi a cikin yashi, kafin ya kai ga titi ko babban layi. A ƙarshen reshe kuma a kafa turken tsayarwa. Makarkatar da ta haɗa reshe da babban layi kuwa a kulle take, mabuɗinta yana hannun ma'aikatan dogo.

Darasi Daga Birnin Niyok

Wasu sun riga mu shan wannan ɗaci. A 1847 hukumar birnin Niyok ta Amurka ta yarda a shimfiɗa dogo a kan titunan yammacin birnin, jiragen kaya suka riƙa ratsa unguwanni suna kai nama da madara da gawayi ƙofar masana'antu. Da haɗari ya yi yawa, sai aka kafa doka cewa dole mahayin doki ya riƙa tafiya a gaban kowane jirgi, da jar tuta da rana, da jar fitila da dare. Duk da haka, zuwa 1910 an ƙiyasta mutanen da jirage suka kashe a wurin sun haura 500, har mutane suka laƙaba wa hanyar suna Titin Ajali. Sai a 1929 aka cim ma yarjejeniyar ɗauke dogon daga ƙasa. A 1934 aka buɗe sabon layi a kan gada mai tsawon kusan mita 9 daga ƙasa, yana shiga cikin benayen masana'antu kai tsaye. Mahayin doki na ƙarshe ya yi rakiyarsa a 1941. Jirgi ya daina bin gadar a 1980, a 2009 kuma aka mai da ita lambun shaƙatawa.

Abin lura a nan shi ne, izinin da aka bayar cikin sauƙi ya ɗauki fiye da shekara 80 kafin a warware shi. Mu ma a nan gida an taɓa yin dogo a kan titi: ƙaramin jirgin da ya riƙa ratsa titunan tsibirin Ikko daga 1902, wanda ragowar aikinsa ya tsaya a 1933. Haɗarin da ya auku a Ikeja a watan Maris na 2023, inda jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnatin jihar a mahaɗar dogo da titi aka rasa rayuka, ya isa tunatarwa cewa lissafin birkin nan ba wasan allo ba ne.

Hanya Ta Kowa Ce

Tun kafin zuwan jirgi, Bahaushe ya san hanya ba gonar kowa ba ce. Manomin da ya ci burtali ya san zai gamu da mai unguwa ko dagaci. A fiƙihu ma malamai sun yi bayani a kan haƙƙin hanya, da faɗin da za a bar mata in an yi jayayya, da hana mutum ya fito da gininsa ya cuci masu wucewa. Dokokin zamani a kan wannan tushe suke: hukuma tana riƙe da titi ne amana domin jama'a. Tambayar da ta daɗe tana wahalar da alƙalai ita ce, shin mai riƙon amana yana da ikon ya yanki wani ɓangare na titi ya ba mutum guda don ribarsa?

Ingila ta bi ta hanyar majalisa. Dokar dogo ta 1845 ta ba masu filayen da ke gefen layi damar gina rassansu su haɗa da shi, wata dokar ta 1904 kuma ta wajabta wa kamfanonin jirgi su ba da dama mai ma'ana ga masu neman irin wannan haɗi. A Amurka kuwa kotuna ne suka yi ta kai da komo. Da yawa sun ce hukumar gari ba ta da ikon ba da titi don amfanin mutum guda sai in majalisa ta ba ta wannan iko a fili. A 1908 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta duba shari'ar wani reshe a garin Martinsville na Jihar Bajiniya, wanda aka karɓi filin mutane don a kai shi ga masana'antar taba. Kotu ta amince da karɓar filin, domin an nuna cewa reshen zai zama wurin lodi da sauke kaya ga sauran jama'a ma, ba masana'antar kaɗai ba.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta taɓo irin wannan batu a 1974, a shari'ar Ereku da Gwamnan Soja na Jihar Tsakiyar Yamma. Gwamnati ta karɓi filin jama'a a yankin Warri da sunan amfanin kowa, sa'an nan ta ba wani kamfani mai zaman kansa haya. Kotu ta ce wannan ba amfanin jama'a ba ne, ta soke karɓar. Ma'aunin dai guda ne a ko'ina: in reshe na mutum ɗaya ne, to ya nemi fili da yardar masu shi, ya biya, in ana son hukuma ta sa ƙarfinta, to a nuna inda jama'a za su amfana.

Ƙofofin Da Za a Ƙwanƙwasa

Mu koma ga 'yan kasuwarmu na kudancin Kano. Ƙofa ta farko ita ce ta mai babban layi. Dokar 1955 ce ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, ta danƙa mata layukan gwamnati da tafiyar da su. Ba mai yanka ƙarfenta ya sa makarkata sai da yardarta. Akan rubuta yarjejeniya da za ta fayyace wanda zai biya kuɗin gini, da wanda zai riƙa gyara, da iyakar inda alhakin kowa ya tsaya, da ikon hukuma na rufe reshen in ya lalace. A nan ne kuma za a zaɓi faɗin dogo. Tsohon layi faɗinsa milimita 1,067 ne, sababbin kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Bambancin milimita 368 ya isa ya hana taragon wannan hawa layin wancan, don haka wanda ya yi kuskuren zaɓi ya binne dukiyarsa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta mai titi, kuma tituna ba mai su ɗaya ba. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta Gwamnatin Tarayya ce. Akwai hanyoyin jiha. Titunan cikin gari da magudanan ruwa kuwa, Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa gina su da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Reshe guda yana iya ratsa iri biyu ko uku, kowanne da takardarsa. A cikin birni kuma akwai hukumar tsara birane ta jiha, wadda ba a yin gini sai ta amince da taswira.

Ƙofa ta uku ita ce ta ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Shi ke ba da izinin mallaka a yankunan da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da na gargajiya a karkara, filayen da ke hannun Gwamnatin Tarayya da hukumominta kuwa suna nan a hannunsu. Gwamna na iya soke izinin mutum saboda buƙatar jama'a, amma sai an ba shi sanarwa a rubuce, an kuma biya shi diyyar abin da ya kafa a wurin, kamar gini da shuka da itatuwa. Manomi ya kamata ya san wannan tun kafin a kafa turaku a gonarsa.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta muhalli. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a binciki illar manyan ayyuka ga ƙasa da ruwa da mutane kafin a fara su, a kuma baje rahoton don jama'a su gani su faɗi ra'ayinsu. Wannan ita ce damar da malamin makaranta ko shugaban 'yan kasuwa zai tashi ya ce, ga inda yaranmu ke tsallakawa, ga inda ruwa ke bi.

Akwai kuma sabon abu. Shekara da shekaru harkar dogo tana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran Tsarin Mulki da ya mai da ita cikin jerin da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kai. Ma'ana, Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da ikon yin doka a kan dogon da bai fita iyakar jihar ba. Layin da zai taso daga wani gari na kudancin Kano ya tarar da babban layi, yanzu magana ce da wakilan Rano da Kibiya za su iya tayarwa a zauren majalisar jiha, ko da yake wurin haɗuwa da layin tarayya yana nan a hannun mai shi.

Sharuɗɗan Da Suka Kamata

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai iya tsara sharuɗɗan da kansa. Izini ya zama na ƙayyadadden lokaci, wanda za a iya janyewa, kada ya zama kyauta ta har abada. Reshe ya tsallaka titi a miƙe, ta mafi gajeriyar hanya, maimakon ya bi tsawonsa. A ƙayyade gudu, a sa mai tuta a gaba, a sa ƙofa ko shinge da fitila. A hana motsa taragu lokacin tafiya makaranta da tashi, da ranar kasuwa, da lokacin sallar Juma'a. A hana ajiye tarago a kan titi, domin motar asibiti ba ta da lokacin jira. Mai reshe ya ɗauki nauyin gyaran kwaltar da ke tsakanin ƙarafa da gefensu, da kwalbatoci, ya kuma yi inshora saboda diyyar wanda aka yi wa ɓarna. In ya daina aiki, ya cire ƙarfensa ya mai da titi yadda ya same shi. In kuma hukuma ce ta taimaka da fili, to a bar ƙofa a buɗe ga sauran masu kaya su yi lodi bisa kuɗin da aka sani.

Kammalawa

Rano da Kibiya suna da wata dama da Kano ba ta samu ba a 1912, wato damar yin shiri kafin jirgi ya zo. Yankin yana kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda shinkafa da tumatir da alkama ke fita da yawa, kaya masu nauyi irin waɗanda dogo ya fi dacewa da su. Idan ƙananan hukumomi suka keɓe filin masana'antu da sito a bayan gari tun yanzu, suka bar masa hanyar da ba ta ratsa kasuwa ko makaranta ba, to ranar da reshe zai zo ba sai an rushe gidan kowa ba, ba kuma sai an sa mahayin doki a gaban jirgi ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ga malamai, ga ɗan aikin da za a iya ba ɗalibai. Su zana taswirar garinsu, su nuna makarantu da kasuwa da asibiti da inda ruwa ke bi da damina. Su zaɓi wurin da ya dace da sito, su ja layin reshe zuwa gare shi, su ƙirga titunan da ya tsallaka, su gano hukumar da ke da kowanne. Sa'an nan su lissafa tazarar tsayawar jirgi a gudun kilomita 5 da 15 da 30 a awa, su yanke shawarar gudun da za su yarda da shi in su ne hukuma. Wanda ya ji daɗin wannan aiki, ya sani akwai Cibiyar Nazarin Fasahar Sufuri a Zariya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, ban da sassan injiniya da tsara birane da shari'a na sauran jami'o'inmu. Ƙarfen dogo ana iya sayo shi daga waje, amma wanda zai auna inda za a shimfiɗa shi, ya kuma rubuta sharuɗɗan da za su kare mai tafiya a ƙasa, gara ya zama ɗan gari wanda ya san titin.